Jigo Ɗaya, Manufofi Daban-daban: Haɗa Darussan Firamare a Zangunan Accra

Tun da aka fara aiki da sabuwar manhajar firamare a Ghana cikin watan Satumba na 2019, malamai da dama sun soma gwada abin da ake kira haɗa darussa a ƙarƙashin jigo guda. Ma'anarsa ita ce malami ya ɗauki batu ɗaya, kamar ruwa ko kasuwa ko abinci, ya shafe makonni uku ko huɗu yana koyar da lissafi da kimiyya da Turanci da sauran fannoni ta cikinsa, maimakon kowane darasi ya kama gabansa da zarar an kaɗa ƙararrawa. Ina cikin masu goyon bayan wannan hanya, musamman a makarantun zangunan Accra, wato unguwannin masu jin Hausa irin su Nima da Maamobi da Sabon Zango da Madina, inda yaro yake fitowa daga gida da tarin sani game da rayuwar unguwarsu, amma ya shiga aji ya tarar babu mai tambayarsa komai a kai. Sai dai duk wanda ya duba irin waɗannan tsare-tsare da idon basira zai ga cewa wuri guda suke yawan karyewa, wato wurin rubuta manufofin koyo. Akan zaɓi jigo mai daɗin ji, a jera ayyuka masu ƙayatarwa, yara su yi zane da waƙa da wasan kwaikwayo, makonni huɗu su wuce cikin annashuwa, sannan a wayi gari babu wanda zai iya faɗin takamaiman abin da yaro ya iya yau wanda bai iya ba kafin a fara.

Fahimtar wannan matsala tana bukatar a fara sanin yadda aka gina manhajar ita kanta. Majalisar tsara manhaja da jarrabawa ta ƙasa, wato NaCCA, ita ce ta shirya ta, Hukumar Ilimi ta Ghana kuma take aiwatar da ita a makarantu. A azuzuwa biyu na share fage da ke gaban aji ɗaya, manhajar a haɗe take tun daga tushe, domin an ɗora ta ne a kan jigogi irin su yaro da kansa, iyalinsa, unguwarsa da ƙasarsa Ghana. Daga aji ɗaya zuwa aji shida kuwa, manhajar 2019 ta rarraba karatu fanni-fanni, akwai Turanci da harshen gida da lissafi da kimiyya da tarihin Ghana da ilimin addini da tarbiyya da fasahar zane da kiɗa da motsa jiki, sannan Faransanci da ilimin kwamfuta su shigo daga aji huɗu. Kowane fanni an kasa shi manyan sassa, lissafi yana da huɗu, kimiyya tana da biyar, kowane babban sashe yana da ƙanana, kowane ƙarami yana da mizanin abin da ake son a sani, a ƙarƙashin mizanin kuma akwai manuni, wato abin da yaro zai aikata a gani a tabbatar ya koya. Kowane manuni yana da lambarsa, irin B4.1.2.1.1, inda B4 take nufin aji huɗu, sauran lambobin kuma suke bin sassan nan daga babba zuwa ƙarami. Wannan lamba ce malami yake rubutawa a shirin darasinsa na mako, ita ce kuma shugaban makaranta da jami'in da ke zagayen duba makarantu suke nema idan sun buɗe littafin shirin. Saboda haka malamin aji huɗu da yake son haɗa darussa ba shi da wani kundi na musamman da aka tanadar masa. Dole ya bi fanni-fanni ya tsinto manuni daga nan da can, ya auna waɗanda za su iya zama inuwa ɗaya.

Tunanin ba sabo ba ne a duniya. Masanin ilimi John Dewey ya buɗe makarantar gwaji a Chicago ta Amurka a 1896, inda yara suke koyon awo da lissafi ta hanyar girki da kafinta da saƙa, wani masanin ilimin, William Kilpatrick, kuma ya yaɗa koyarwa ta hanyar aiki guda mai manufa a 1918. Ƙasar Finland, wadda ake yawan kafa hujja da ita, ta wajabta wa makarantunta tun 2016 su gudanar da aƙalla tsari ɗaya na haɗaɗɗun darussa a kowace shekara, amma ba ta soke lissafi ko harshe ko kimiyya a matsayin fannoni masu zaman kansu ba, duk da jita-jitar da ta yaɗu a lokacin. Wata masaniyar manhaja Ba'amurkiya, Heidi Hayes Jacobs, ta yi gargaɗi tun 1989 game da tsarin da ake tsakuro ɗan wannan da ɗan wancan daga kowane fanni a zuba wuri guda ba tare da zurfi ko jeri ba. Abin da Bahaushe zai kira haɗin gambiza ke nan, kuma shi ne ciwon da ya fi damun tsare-tsarenmu.

Tushen ciwon shi ne rikita aiki da manufa. Idan malami ya rubuta cewa yara za su zana famfo, ko za su kai ziyara bakin babbar kwatar Nima, ko za su rera waƙar tsafta, ya faɗi abin da za a yi ne kawai, bai faɗi abin da za a koya ba. Manufa ta gaskiya takan ce, alal misali, yaro zai iya bayyana dalilin da ya sa ruwan da aka tace ya yi garau amma har yanzu bai zama abin sha ba sai an tafasa shi. Irin wannan jimla tana da abin da ake iya gani ko ji daga yaro, tana da abin da ake son ya sani, kuma ana iya cewa ya cim mata ko bai cim mata ba. Masana tsara darasi Grant Wiggins da Jay McTighe sun shahara tun 1998 da shawarar cewa a fara tsara darasi daga ƙarshensa, a tsayar da abin da ake son yaro ya iya, sannan a tsayar da shaidar da za ta nuna ya iya, sai daga baya a nemi ayyukan da za su kai shi can. A darasi na fanni ɗaya malami yana iya kauce wa wannan jeri ya tsira, domin littafin aji yana riƙe da shi. A haɗaɗɗen tsari babu littafin da zai riƙe shi, don haka idan ya fara da ayyuka, ayyukan ne za su ja shi duk inda suka ga dama.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi dalla-dalla. A ce malamar aji huɗu a wata makarantar gwamnati da ke tsakanin Nima da Maamobi ta zaɓi ruwa ya zama jigonta na makonni huɗu a cikin watan Mayu da Yuni, daidai lokacin da babbar damina take kan ganiyarta a Accra. Jigo ne da ya dace da wurin, domin yaran sun san ɗaukewar famfo, sun san layin jarkoki masu ruwan ɗorawa a bakin tankin mai sayar da ruwa, sun san ruwan leda, sun kuma san yadda kwata take cika ta shigo tsakar gida idan sama ta zuba da dare. Ruwan famfon birnin yana fitowa ne daga madatsar Weija da ke kan kogin Densu da kuma matatar Kpong da ke kan kogin Volta, ruwan saman da ya sauka a unguwanninsu kuma yana bin magudanai ya faɗa kogin Odaw, ya wuce tafkin Korle, ya shiga teku. Duk wannan abin koyarwa ne, amma jigon bai gaya wa malama abin da za ta koyar ba tukuna.

A fannin lissafi, tarkon da ke gabanta shi ne ta ɗauki lissafin da yaran suka riga suka iya ta lulluɓe shi da kalmar ruwa. Idan ta ce su ƙirga jarkoki biyar su ƙara uku, sunan ruwa ya fito a darasin, amma aikin na aji ɗaya ne, an kuwa yi asarar awa guda ta aji huɗu. Manufar da ta dace da matakinsu ita ce yaro ya iya tattara bayanai da kansa, ya tsara su a jadawali, ya nuna su a zanen da alama ɗaya take wakiltar abubuwa da yawa, sannan ya yi amfani da ninkawa wajen amsa tambaya a kansu. Kowane yaro zai rubuta yawan jarkokin da gidansu yake amfani da su kullum har tsawon mako guda. A ce wani gida yana cin jarka shida mai lita 25 a rana, lita 150 ke nan, a mako lita 1,050, a kwana talatin lita 4,500. Jakar ruwan leda tana ɗauke da ƙulli 30, kowane ƙulli rabin lita, wato lita 15 a jaka, kuma idan yara suka tambayo farashin jaka da na jarka a unguwarsu za su iya gano da kansu nawa lita ɗaya take tsayawa ta kowace hanya. A nan lissafin yana bukatar jigon da gaske, domin lambobin daga gidajen yaran suka fito, jigon kuma yana bukatar lissafin, domin babu yadda za a amsa tambayar wane ruwa ya fi tsada ba tare da shi ba.

Wannan bukata ta juna ita ce ma'aunin da nake ganin ya kamata kowace manufa ta tsallake kafin a shigar da ita tsarin. Malami ya tambayi kansa, idan aka cire jigon gaba ɗaya, shin manufar tana nan daram a matsayin abin da manhaja ta ɗora wa wannan aji? Idan amsar a'a ce, to ado aka yi wa jigo da sunan fanni. Ya sake tambayar kansa, idan aka cire wannan fanni, shin aikin da yara za su yi zai gurgunce? Idan ba zai gurgunce ba, to fannin ɗan rakiya ne kawai, gara a bar shi ya ci gaba da tafiyarsa a sa'arsa ta jadawali.

Kimiyya ita ce ƙashin bayan wannan tsari, kuma a nan ne ake haɗuwa da abin da na fi ganin muhimmancinsa ga yaran Zango. Yawancinsu suna zuwa makarantar allo ko ta Islamiyya da yamma ko a ƙarshen mako, wasu kuma makarantar tasu ta boko tana ƙarƙashin sashen ilimin Musulunci da aka kafa a Hukumar Ilimi a 1987, inda ake koyar da Larabci da addini tare da manhajar gwamnati. Tun suna ƙanana aka koya musu a babin tsarki cewa ana duba ruwa ta fuska uku, launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa, kuma idan najasa ta sauya ɗaya daga cikinsu ba a alwala da shi. Malamar kimiyya ita ma za ta ce ruwa mai kyau ba shi da launi ko ɗanɗano ko wari. Kamannin ya yi yawa har malami mai gaggawa zai ɗauka manufa ɗaya ce, ya haɗe su ya ce ya haɗa addini da kimiyya. Alhali tambayoyi biyu ne mabambanta. Fiƙihu yana tambayar ko ruwan ya halatta a yi ibada da shi, shi ya sa a mazhabar Malikiyya ruwan da ƙasar da yake kwance a kanta ko gansakuka suka sauya masa launi yana nan a matsayin mai tsarkakewa. Kimiyya tana tambayar ko ruwan zai cutar da cikin wanda ya sha, amsarta kuma ita ce ruwa yana iya zama garau, babu wari babu ɗanɗano, amma yana ɗauke da ƙwayar cutar kwalara da ido ba ya gani. Annobar kwalara ta 2014 ta kama fiye da mutum 28,000 a Ghana, ta kashe sama da 200, kuma yankin Accra ne ya fi ko'ina jin jiki. Yaron da ya tashi daga darasi da fahimtar cewa duk ruwan da ya yi alwala ya yi sha, an yi masa kitso da ƙwarƙwata, kuma haɗa darussan ne ya jawo masa.

Hanyar da ta dace ita ce a rubuta manufofin biyu daban, a koyar da su kusa da juna da gangan, a sa yaro ya faɗi inda suka haɗu da inda suka rabu. Manufar kimiyya za ta ce yaro zai iya gwada hanyoyin gyara ruwa, kamar barinsa ya kwanta, tacewa da ƙyalle da yashi, sanya alimun da tafasawa, ya kuma bayyana abin da kowace hanya take cirewa da abin da ba ta cirewa. Kwalabe uku da ruwan kwatami da tsumma mai tsafta sun isa gwajin, ba sai an jira ɗakin gwaje-gwaje ba. Darasin addini da tarbiyya na manhajar gwamnati kuwa, wanda ya ƙunshi Musulunci da Kiristanci da addinin gargajiya, yana da tasa manufar game da kula da halittar Ubangiji da guje wa almubazzaranci, kuma yaran Zango za su kawo misalai daga abin da suka karanta game da hana ɓarnar ruwa wajen alwala. Inda makarantar take da malamin Larabci, zama na rabin awa tsakaninsa da malamar aji kafin a fara tsarin zai hana yara jin magana biyu masu karo da juna daga bakin mutum biyu da suke girmamawa.

Akwai kuma manufar da take ɓoye a cikin kowace manufa, ita ce ta harshe. Tsarin ƙasa ya tanadi a koyar da yaro da harshen gida a azuzuwan farko, Turanci kuma ya karɓi ragama daga aji huɗu. Harsuna 11 ne gwamnati ta daɗe tana ɗaukar nauyin rubuta littattafansu da koyar da su, cikinsu akwai Ga da Twi da Fante da Ewe da Dagbani, amma babu Hausa, duk da cewa gidan rediyon ƙasa yana watsa shirye-shirye da ita, kuma ita ce harshen da ya haɗa Bahaushe da Bazabarme da Bakotokole da Bamoshe da Bafulatani a Zango. Sakamakon haka yaron Nima yana tunani da Hausa, yana haddace karatu da Larabci, ana koyar da shi da Turanci, a darasin harshen gida kuma sau da yawa Ga ko Twi yake tararwa. Idan aka ba shi tambayar kimiyya a rubuce da Turanci ya kasa amsawa, malama ba za ta san ko kimiyyar ce bai gane ba ko jimlar ce ta fi ƙarfinsa. Don haka wajibi ne tsarin ya ware manufar harshe a fili, ya fayyace kalmomi goma ko goma sha biyu da yaro zai mallaka da Turanci a waɗannan makonni, da irin jimlolin da zai iya ginawa, kamar jimlar jera matakai da jimlar faɗin dalili. Sannan a ba shi damar nuna fahimtarsa ta kimiyya ta wata hanyar, ya yi gwajin da hannunsa, ko ya zana matakan, ko ya bayyana da Hausa idan malama tana ji ko akwai wanda zai taimaka. Babbar fa'idar haɗa darussa ga irin wannan yaro ita ce kalma guda takan dawo masa sau da yawa a rana ɗaya, ya ji ta a kimiyya da safe, ya rubuta ta a Turanci kafin tara, ya karanta ta a kan jadawalin lissafi bayan an dawo, kuma maimaici a wurare mabambanta shi ne yake zaunar da kalma a kai.

Darasin Turanci shi ma yana da tasa manufar da ba ta tsaya ga yi wa sauran fannoni hidima ba. Rubuta wasiƙa ta hukuma ga wakilin unguwa a majalisar gundumar Ayawaso ta Gabas ko ta Arewa game da toshewar wata kwata aiki ne da yake da ƙa'idojinsa na adireshi da gaisuwa da sakin layi da rufewa, kuma waɗannan ƙa'idoji sai an koyar da su kai tsaye, ba sa faɗowa daga jigo.

Tarihi ne fannin da aka fi yi wa dole. Da an ambaci ruwa sai hankali ya tafi madatsar Akosombo da aka kammala a 1965 zamanin Kwame Nkrumah, amma idan abin da ke gaban aji a tarihi a waɗannan makonni wani zamani ne daban, tsallako da su zuwa bayan samun 'yancin kai zai rikita musu jerin zamunna, wanda shi ne ginshiƙin fannin. Akwai ƙofa ɗaya da take buɗe ba tare da tilas ba, ita ce koyon yadda ake samo labarin da ya wuce daga bakin waɗanda suka gani. Yara su tambayi kakanninsu inda ake ɗebo ruwa a unguwar lokacin ƙuruciyarsu, su kawo amsoshin aji, su ga inda labaran suka dace da inda suka saɓa, su tattauna dalilin saɓanin. Idan malama ta ga wannan ma bai dace da manunin da ke gabanta ba, ta bar tarihi a waje, babu aibi. Tsarin da ya haɗa fannoni uku da kyau ya fi wanda ya ambaci takwas.

Batun ambaliya yana bukatar taka-tsantsan na daban. Daren 3 ga Yuni, 2015, ruwan sama ya mamaye tsakiyar Accra, gobara ta tashi a wani gidan mai kusa da shataletalen Kwame Nkrumah inda jama'a suka fake, fiye da mutum 150 suka rasu. A unguwannin da ke kusa, akwai gidajen da wannan dare ya taɓa, don haka ba labari ne da za a ba yara 'yan shekara tara ko goma don a tsorata su ba. Haka kuma bai kamata a taƙaita darasin ga cewa a daina zuba shara a kwata ba, ko da yake gaskiya ne. Manufar da ta fi amfani ita ce yaro ya iya jera dalilai fiye da ɗaya na ambaliya, yawan ruwan da ya sauka cikin ɗan lokaci, kwarin da wasu unguwanni suke ciki, gine-gine a kan hanyar ruwa, ƙanƙantar magudanai da toshewarsu, sannan ya bambance wanda gidansu zai iya gyarawa da wanda sai hukuma. A nan ne ƙwarewar tunani mai zurfi da warware matsala take samun jiki. Manhajar 2019 ta lissafa irin waɗannan ƙwarewa guda shida da ake son su ratsa dukkan fannoni, cikinsu har da sadarwa da aiki tare, ƙirƙira, jagoranci da sanin na'urorin zamani, kuma malamai sukan rubuta sunayensu a gefen shirin darasi don cika ƙa'ida. Rubuta sunan ba ya koyar da komai. Aiki tare yana zama manufa ne idan an ce kowane yaro a rukuni zai iya maimaita ra'ayin ɗan'uwansa kafin ya kawo nasa, domin wannan abu ne da malama za ta iya tsayawa ta saurara ta ga ko ya faru.

Akwai abubuwan da a ganina bai kamata a miƙa wa jigo ba ko kaɗan. Koyon karatu da ginin lissafi suna tafiya ne hawa-hawa, kowane mataki yana kan na ƙasansa, kuma jigo ba ya bin wannan jeri. Gwajin karatun ƙananan azuzuwa da aka yi a Ghana a 2013 da 2015 ya nuna cewa kusan kashi 2 cikin 100 ne kawai na 'yan aji biyu suke karatu da saurin da ya dace tare da fahimta. Ajin huɗu da ya gaji irin waɗannan yara yana bukatar lokacin karatu na kullum wanda babu abin da zai taɓa shi, haka ma atisayen ninkawa da rabawa. Tun Disamba 2021 aka fara jarrabawar ƙasa ta bai-ɗaya ga 'yan aji huɗu a Turanci da lissafi, kuma iyaye suna da gaskiya idan suka tambaya ko makonni huɗu na ruwa za su rage wa 'ya'yansu wani abu a waɗannan fannoni biyu. Amsar da za ta gamsar da su ita ce a nuna musu lambobin manunin da tsarin ya ɗauka, da sa'o'in da aka bari ba a taɓa ba.

Ta fuskar aiwatarwa, firamare tana da wata dama da manyan makarantu ba su da ita, domin malami ɗaya ne yake riƙe da yawancin fannonin ajinsa, yana iya haɗa zama biyu ko uku na minti talatin-talatin ya sami isasshen lokacin gwaji ba tare da neman izinin kowa ba sai shugaban makaranta. Nauyin shiri ne yake da yawa, ga cunkoson aji, ga shi kuma littattafan sabuwar manhajar sun yi shekaru kafin su isa makarantun gwamnati, abin da ya sa malamai suka saba dogaro da kundin manhaja da abin da suka samo da kansu. Zaman tattaunawa na mako-mako da aka tanadar wa malaman kowace makaranta shi ne wurin da ya fi dacewa da wannan aiki, malaman aji huɗu da na biyar su zauna su baje manunin fannoni uku ko huɗu, su fitar da biyar ko shida kacal da za su ɗauka, su rubuta shaidar kowanne tun kafin a yi maganar zane ko ziyara. Manufa goma sha biyar a makonni huɗu alama ce ta cewa ba za a auna ko ɗaya ba.

Awon ƙarshe yana iya zama aiki guda, amma makinsa dole ya rabu. A ce kowane rukuni zai miƙa wasiƙar nan ga wakilin unguwa, haɗe da jadawalin ruwan da gidajensu suke amfani da shi da bayanin yadda ake gyara ruwan sha. Malama za ta duba takardar sau uku da ido uku. Da idon lissafi za ta duba ko jimillar ta yi daidai, ko alamar zanen ta wakilci adadin da aka ce. Da idon kimiyya za ta duba ko an bambance tacewa da tafasawa, ba tare da ta rage maki saboda kuskuren rubutun kalma ba. Da idon Turanci za ta duba tsarin wasiƙa da ginin jimla, ko da lissafin ya karkace. Katin sakamako na ƙarshen zangon karatu fanni-fanni yake, don haka maki ɗaya dunƙulalle ba shi da gurbin shiga, kuma ba ya gaya wa uba ko uwa inda ɗansu yake da rauni. Tun da aikin rukuni yakan ɓoye yaron da ya yi shiru, sai a bi shi da gajeriyar tambaya ga kowane yaro shi kaɗai, biyu a lissafi, biyu a kimiyya, sakin layi ɗaya a Turanci. A ajin da ke da yara hamsin ko sittin, takarda ɗaya mai sunaye a gefe da manufofi biyar a sama ta wadatar, ana sa alama a gaban wanda ya cim ma kowace manufa. Sunayen da suka rage babu alama a ƙarƙashin ninkawa ko bayanin tafasa ruwa su ne za a ware wa zama na musamman a mako na biyar, kafin aji ya shiga jigo na gaba.